Baƙon da Ba Shi da Mai Masauki a Sakkwato

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa na ƙudiri abin da kowa a gidanmu ya kira hauka: in zaga Arewa a motar haya, gari bayan gari, don kawai in gani da idona. Shekara da shekaru ina zana wa ɗalibai koguna da hanyoyin da ban taɓa takawa ba, abin yana cina. Matata ta yi magana har ta gaji. Ni kuwa taurin kai gadonsa na yi.

Sakkwato ce zangona na huɗu daga Kano. Na kwana biyu a wani otal a Minanata, na zaga Ƙofar Atiku da ƙafa har takalmina ya yi kuka. Rana ta uku da hantsi na nufi tasha neman motar gaba.

Ina da ɗan littafi da nake rubuta komai a ciki, halin malamin makaranta. Lokacin da motoci ke tashi, shingen jami'an tsaro nawa muka wuce, ranar da kasuwar kowane ƙauye ke ci, inda hanya ta lalace har direba ke rage gudu. Da na sami motar ba ta cika ba, sai na zauna kusa da direban na shiga jero masa tambayoyi. Wace hanya 'yan kasuwa suka fi bi? Ƙarfe nawa suke komowa? Yana amsawa ina rubutawa, ina jin daɗin kaina.

Can sai ya daina amsawa. Ya dubi littafin, ya dube ni, ya tashi. Da ya dawo, yana tare da ciyaman ɗin tashar, wani dogo mai jan ido, mutane kusan goma na biye da su.

"Malam, ina kah hito?" in ji ciyaman.

"Kano."

"Mun ji ga bakinka. Wurin wa kaz zo?"

"Ba kowa. Yawon buɗe ido nake yi."

Wani ya yi dariya, amma ba ta daɗi ba ce. A lokacin na gane wautata. A wurinmu mutum ba ya tafiya haka kawai. Ko biki, ko ta'aziyya, ko fatauci, ko dai akwai wanda zai ce ya san ka. Ni ba ni da ko ɗaya, a yankin da 'yan bindiga ke tare hanya, kowa kuma ya san akwai masu kai musu labari.

Ciyaman ya karɓe littafin yana karantawa da ƙarfi. Da ya zo kan inda direba ke rage gudu, sai tashar ta yi tsit. Na fito da tsohon katin aikina, ba wanda ya kalla. Zuciya ta ɗebe ni na ce ni ba ɓarawo ba ne, na girmi yawancinsu. Wannan ya ƙara dagula abin. Wani ya ce "infoma na," kalmar ta bi taron baki-baki. Na ga wani ya sunkuya ya ɗauki guntun bulo. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na tuna ko waya ban yi wa matata ba da safen.

"Ku bar shi. Baƙona na."

Wani dattijo ne mai fataucin hatsi, tun ɗazu yana zaune kan buhunan gero. Ban taɓa ganinsa ba. Ya taso a hankali ya ratsa mutane, ya tsaya a gabana.

"Alhaji, shi da bakinai yac ce bai san kowa ba," in ji ciyaman.

"Yanzu ya sani. In wani abu yab biyo baya, kun san gidana Mabera. Ku zo ku kama ni."

Ya miƙa hannu, ciyaman ya ba shi littafin. Dattijon ya riƙe hannun rigata muka fita, ban waiwaya ba sai da muka shiga keke napep.

A zaurensa aka kawo ruwa da fura. Na ɗan kurɓa. Sannan na ce, "Alhaji, na gode da ka yarda da ni."

"Wa yac ce maka na yarda da kai?"

Ya buɗe littafin, ya ɗora yatsa a wani layi. "Wurin ga da kar rubuta, nan 'yan bindiga sunka ɗauke ƙanena. Ban san ko kai wane na ba, Malam. Amma bara anka tsare wani baƙo hakanga cikin tashar nan, ina zaune bisa buhuna, ban ce komi ba. Daga baya anka gano tela na, gidan ɗiyatai shika nema. Dukan da anka yi mai, bai kai asibiti ba."

Kunya ta rufe ni, don layin da ya nuna har tauraro na yi masa a gefe, wai wurin yana da kyan gani.

A gidansa na kwana. Da safe shi da kansa ya kai ni mota, ya damƙa ni hannun direba. Littafin kuwa yana aljihunsa.

"In anka yi wata guda ba a ji komi ba bisa hanyar ga, aiko a ba ka abinka," ya ce.

Na gama zagayena, na koma Kano lafiya. Wata ya cika, shekara ta zagayo. Har yau ban aika ba.