Lambar da na ba Madam Rifkatu

Wannan abu ya faru da ni a Jimeta, lokacin da 'yan gudun hijira suka cika gari, ina kula da kwamfutocin wani ofis a Damilu. Wallahi ban ƙara komai ba.

Muna da saba guda, wato babbar kwamfutar ofis, da ake kira firoksi. Duk wanda ya buɗe shafin intanet ta cikinta yake bi ba tare da ya sani ba, ita kuma tana rubuta wa ya nemi me. Kowace kwamfuta da lambarta, idan biyu suka zo da lamba ɗaya sai ta hana ɗaya shiga.

Akwai ma'aikacinmu Yohanna da aka tura reshenmu na arewacin jihar da laftof ɗin ofis, garin ya faɗa hannun mahara, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Bayan watanni lambobi suka yi mini ƙaranci, sai na ɗauki tasa na ba sabuwar kwamfutar matarsa, Madam Rifkatu, mai buga mana takardu. Ban gaya mata ba.

Ba a yi mako ba ta leƙo ɗakina.

"Injiniya, kwamfuta na yana yanke kullum sha biyu saura. Ko kai ne kake hana ni kallon zannuwa?"

Na canja wayar da ke haɗa kwamfutarta, na sake kunna saba, na duba dokokinta ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau. Sai na buɗe rajistar da sabar ke rubutawa. Kullum sha biyu saura kwata wata na'ura ke shigowa da lambar, da shaidar laftof ɗin Yohanna, ta nemi shafi guda, na hotunan ma'aikata, ta daɗe a kan hoton Madam, sannan ta fita. Siginarmu kuwa ba ta wuce katangar ofis. Na duba sito, gareji, har bayan janareta, babu kowa.

Na nuna mata, na ce gyaran minti biyu ne, zan ba ta wata lamba.

Ta daɗe tana kallon allon. "Ka bar shi haka, ƙanina."

Daga nan idan lokacin ya yi sai ta gyara ɗankwalinta, ta ɗora hannuwa a cinya, ta fuskanci kwamfutar har ta dawo. Haka muka yi damina guda.

Wata Talata ta shigo ba sallama.

"Yau bai yanke ba."

Na duba. Komai na aiki daidai, lambar tata ce ita kaɗai.

"To ka gyara mana," in ji ta.

Na zauna gaban sabar nan har aka tashi, ban san abin da zan taɓa ba.

Har yau ban da bayani. Abin da zan ce wa masu irin aikina shi ne, idan mutum ya ɓata ba a ga gawarsa ba, ku bar masa lambarsa.