Watan Yamai da Watan Katsina

Idirisa Jatau ɗan Jiratawa ne. Da laka a ƙafa ya tashi, yana buɗe wa ruwa hanya a fadamar ubansa. Lekol, makarantar boko, ta ɗauke shi ta kai Yamai, ta maido shi Maraɗi da tabarau da sanin ordinatar, wato kwamfuta, amma ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa bai taɓa barin hancinsa ba.

Wani faroje, shiri mai tallafa wa ƙungiyoyin manoma, ya ɗauke shi aiki. Aikinsa shi ne ya gaya musu lokacin da ya dace su buɗe rumbu, don kada gero ya tafi a wulaƙance da kaka, su dawo suna sayensa da tsada da bazara, kamar yadda ya ga ubansa yana yi.

Akwai wata manhajar lissafin kasuwa da masana na ƙasashe da yawa suka gina, suka bar ta kyauta a intanet. Rumbu ne marar kwaɗo, kowa ya ɗiba, kowa ya zuba. Da harshen ordinatar guda aka gina ta, amma an yi mata ƙofofi don masu sauran harsuna. Idirisa ta ƙofar Python yake shiga. Abokiyar aikinsa Tahira, wadda ke haɗa abin da malaman gona za su riƙe a ƙauyuka, ta ƙofar Java. Tunda hatsin ɗaya ne, dole amsarsu ta zo ɗaya.

Sai dai manhajar ta san hutun manyan kasuwannin ƙetare, ba ta san ranar da kasuwar garin Tsibiri ke ci ba. Idirisa ya yi damina a kan kabu-kabu yana bin kasuwanni, ya rubuta mata kalandar kasuwannin gulbin Maraɗi. Ranar Salla kaɗai ya bari, don wata ba ya jin umarni. Ya ce kowa ya sa da hannunsa idan an gani.

A shekarar rikicin tazarce, masu ba da tallafi suka fara ɗaure kaya. Suka aiko wani ƙwararre, Nabil, ya duba abin da ya cancanci a bari. Ya sa su lissafa rumbun Tsibiri a gabansa. Ordinatar Idirisa ta ce a sayar wannan mako. Ta Tahira ta ce sai na gaba.

"Wanne ne gaskiya?" in ji Nabil.

Idirisa ya sunkuya kan allon Tahira. Can ya gani.

"Ƙanwata, wace rana kika sa Salla?"

"Ranar da muka yi ta mana, Malam Idi. Gidanmu watan Katsina muke bi tun kakanni."

"Ni kuwa na Yamai na sa."

"To laifina ne? Wata biyu ke sama?"

A kalandarta Salla ta faɗa ranar kasuwa, kasuwa ba ta ci ba, sayarwa ta tsallaka mako. A tasa ta faɗa kashegari. Babu ƙofar da ta yi ƙarya. Idirisa ya fara bayani: gari ɗaya ne, rediyo biyu, wani na sallar idi maƙwabcinsa na azumi. Gyaran bai fi shan shayi ba. Nabil ya saurara da ladabi, yana duban agogo, motar Yamai na jiransa. Ya ce abin da ke ba da amsa biyu ba a miƙa wa talaka shi.

Aka rufe buro, ofishin farojen, kafin sojoji su karɓi mulki. Da bazara ta zo da yunwarta, manoman Tsibiri sun daɗe da sayar da geronsu.

Yanzu Idirisa yana Sabon Gari, cikin rumfar kwano, yana gyaran wayoyi da zuba wa samari waƙoƙi. Ya gyara kuskuren tuni, ya mayar da ranar Salla wuri guda inda kowace ƙofa za ta ɗauka. Amsa tana zuwa ɗaya. Duk kaka yakan kunna tsohuwar ordinatarsa, ta gaya masa makon da ya dace a buɗe rumbu. Sai ya ɗaga kai, ya ga manyan motoci maƙil da gero sun nufi iyaka, ya kashe ta.