Baba Mahfuzu, Mai Taya Mesa Saɓa

Idan aka sallame sallar asuba a unguwarmu ta nan Garwa, maza kan tsaya ƙofar masallaci su gaisa, wannan da Hausa, wancan da Fillanci. Baba Mahfuzu ba ya daɗewa a cikinsu. Yakan miƙa hannu, ya tambayi lafiyar iyali, ya wuce gida. A bayan ɗakinsa akwai wani babban keji na bulo da waya, an shimfiɗa masa zana a kan kwano saboda zafi. Zai leƙa ciki, ya canja ruwan kwatarniya, ya yayyafa wa yashin ƙasa ruwa, sannan ya tsaya yana kallo. Sai bayan nan ya sha kununsa, ya hau tsohon kekensa, ya nufi asibitin dabbobin da yake yi wa aiki tun yana saurayi, inda yake wanke wa shanu da raguna miki, yana riƙe su a yi musu allura.

Abin da ke cikin kejin nan mesa ce. Sunanta 'Yar Taru.

Ni Balkisu, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasa, kuma atamfa nake sayarwa a kasuwa. Da muka tare a unguwar, farkon abin da ya haɗa mu shi ne roƙon da ya aiko: in da tsohon buhun algarara ko fasasshiyar randa, kada in zubar, yana so. Na ba da, amma abin ya tsaya mini a rai. Me mutum kamili mai aikin yi zai yi da fasasshiyar randa? Na daure na daure, har ran nan na kasa, na ɗauki mayafina na yi sallama gidansa, na tambaye shi. Ya saurare ni, ya yi murmushi, ya ce in zo in gani da idona, amma in tsaya daga nesa kuma kada in yi ihu.

A ranar ya ba ni labarinta. Shekarun baya shi da abokan aikinsa sun je garin Lagdo na bakin dam yi wa shanu rigakafi, sai ya tarar da masunta sun jawo taru da 'yar mesa a ciki, ba ta fi tsawon hannu ba. Zaren tarun ya yanke ta har tsoka, ya zagaye jikinta kamar awarwaro. Masuntan na shirin feɗe ta, shi kuwa ya roƙe su su bar masa, suka ba shi suna dariya. Ya kawo ta gida a cikin buhu, ya yi ta jinyarta kamar yadda yake yi wa ɗan maraƙi. Mikin ya warke, amma ya bar tabo mai kauri, bayanta kuma ya ɗan karkace, ba ta iya wawurar abinci da sauri irin na 'yan uwanta. Ma'aikatan daji suka zo suka duba ta, suka yarda cewa in aka sake ta mutuwa za ta yi, suka bar ta a hannunsa.

Tabon nan shi ne tushen duk wahalar. Maciji mai lafiya shi kaɗai yake saɓarsa: ya goga hanci a dutse, tsohuwar fatar ta ɗago, ya zare jikinsa ta juye kamar safa. Ita kuwa 'Yar Taru, da saɓar ta kai kan tabon sai ta maƙale. In aka bar ta ta bushe a wurin, sai ta matse jikin kamar igiya, jini ya kasa wucewa.

Ni da ban taɓa tsayawa kallon ko ƙadangare ba, sai ga ni ina bin lamarin mesa kamar mai jiran haihuwar ƙanwa. Shi ya koya mini alamun saɓa. Launinta kan dushe, idanunta su yi fari-fari kamar an ɗiga musu nono, ta daina cin abinci, ta zama mai saurin fushi saboda ba ta gani sosai. A kwanakin nan ba ya taɓa ta ko kaɗan. Buhun da na ba shi yakan jiƙa ya shimfiɗa mata, randar kuma ya kifa ta a lungu, ta shige ƙarƙashi don sanyi, ta kuma sami kaushin da za ta goga jikinta. Sai idanun sun washe, saɓar ta fara ta tsaya a kan tabon, sannan ya sa hannu. Tun da ta girma bai taɓa yin aikin shi kaɗai ba. Yakan kira Edwige, wata ma'aikaciyar jinyar dabbobi da suke aiki tare, ta tsaya gefen kai. Su kwantar da mesar a babban baho, cikin ruwan da bai fi ɗumin jiki ba, wanda kuma bai rufe mata kai ba. In fatar ta jiƙu, sai ya riƙe jiƙaƙƙen tsumma a tafin hannunsa, ya bar ta ta ratsa ta ciki da kanta.

Na taɓa tambayarsa me ya hana ya kama fatar ya ja kawai, ga ta nan tana lilo. Ya ce: "'Yata, abin da bai saki ba, ba a fizgarsa. In na ja, da sabuwar fatar zan haɗa. Nawa in jiƙa ne in jira."

Ido da ƙarshen wutsiya su ne ya fi sa wa lura. Ashe har idon maciji yana saɓa, wata 'yar yana ce kamar ɓawon albasa. In ta maƙale ba ya sa farce ko tsinke, sai dai ya ƙara wa kejin laima ya ƙara haƙuri. In an gama yakan ɗaga tsohuwar fatar a rana, ya duba ko ramukan ido biyu sun fito, ko wutsiya ta fita har ƙarshenta. Ya gan su cif, sai ka ji ya ce alhamdu lillahi, ya tafi wanke baho.

Ba kowa ne ya karɓi wannan zama da daɗin rai ba, kuma ban ga laifin masu tsoro ba. Wata bazara ɗan akuyar Ramatu, mai ƙosan bakin titi, ya ɓata. Kafin azahar magana ta gama unguwa cewa mesar Baba Mahfuzu ce ta haɗiye shi. Samari suka taru ƙofar gidansa da sanduna da adduna, Ramatu a gaba tana huci, ga shi daga cikin 'yan dabbobin nan take rufa wa marayunta asiri. Ina tsaye a wurin, na ga yadda ya fito, bai ɗaga murya ba, bai kuma tare ƙofa ba. Ya gaida Jauro, mai unguwarmu, ya ce shi ba zai yi musu da kowa ba, abu ɗaya yake roƙo: Jauro da mai akuya su shiga su duba, in sun ga cikin mesar a kumbure, shi da kansa zai miƙa adda.

Suka shiga, na bi bayansu. Kwaɗon kejin na nan a rufe. Mesar tana kwance rabin jikinta a ƙarƙashin randa, ciki a lafe, idanu fari fat, lokacin saɓa ne. Ramatu ta tsaya tana kallo, ta daɗe. Na ɗauka wata maganar za ta ɓarke, sai na ji ta yi ƙasa da murya ta ce: "Baba, makauniya ce?"

Ya ce a'a, sabon ido ne ke tahowa a ƙarƙashin tsohon, kuma in tana haka ko kaza aka ajiye mata ba ta kallonta. Ramatu ta sake tambaya, ya amsa, ta sake wata. Jauro ya gaji ya fita ya sallami samarin, ita tana nan tsugune. Ɗan akuya dai har yau ba a gan shi ba, kuma akwai masu cewa mesar ce. Ramatu ba ta cikinsu. Ranar da aka yi wankan baho ta bar kaskon ƙosanta a hannun 'yarta ta zo kallo, daga baya ma ita ta zama mai sirka ruwan, tana gwada ɗuminsa da gwiwar hannu kamar na wankan jariri.

Kada mai karatu ya ɗauka gardi nake yaba wa. Baba Mahfuzu bai taɓa rataya maciji a wuya ya shiga kasuwa ba, bai taɓa cewa ya sha magani ba. In kububuwa ko kasa ta shiga gida aka kira shi, da doguwar sanda mai ƙugiya da bokiti mai murfi yake zuwa, ya kori yara nesa, ya kai ta can bayan gari. In kuwa sara aka yi, ba ya yarda a tsaga ko a tsotsa ko a ɗaure da igiya. Yakan ce a sa mutum a mota yanzu-yanzu sai asibiti, sau da yawa ma shi ke raka su. Akwai magidanta a unguwar nan da ke tafiya da ƙafafunsu biyu saboda wannan taurin kan nasa.

Bana ƙarfi ya fara ja baya. Hannunsa na rawa, ya ajiye aiki, 'yarsa Fauziya kuma ta matsa sai ya koma wurinta a Dugoi, can Marwa, inda za ta riƙa kula da shi. Ta faɗa masa gaskiya cikin ladabi: gidan haya ne, ga ƙananan yara, babu wurin mesa. Ya yi makonni yana juya maganar. Sakin ta a daji kisa ne, masu neman saye kuwa fatarta suke so. Edwige ce ta warware, ta ce za ta gina keji a bayan gidansu, in har zai tsaya ya ga ta yi saɓa ɗaya a hannunta.

Na halarci wannan saɓar. Edwige ce riƙe da tsumma, mijinta na gefen kai, Ramatu na zuba ruwa. Baba Mahfuzu yana tsaye, ya harɗe hannuwansa a baya. Da fatar ta kai kan tabon ta tsaya cik, na ga yatsunsa na motsi, na ga ya matso taku ɗaya ya koma. Edwige ta ɗago ta dube shi. Ya ƙara damƙe hannuwansa a baya. Ta mai da kai, ta ƙara jiƙa tsumman, ta jira, ta jira, zufa na ɗiga daga haɓarta. Can sai mesar ta miƙe jiki a hankali, fatar ta zame ta wuce tabon. Edwige ta ɗaga ta a rana, ido biyu da wutsiya duk sun fito. Sai a lokacin ya saki hannuwansa, ya ce mata da Fillanci, useko, wato na gode. Ya juya ya shiga ɗaki, bai fito ba sai la'asar.

Baba, kai ne ka ga abin da kowa ke gudu ka tsaya ka tambayi me ke damunsa. Kai ne aka zo wa da sanda ka mai da mai sanda ɗalibi. Gwanin jira, mai hannu da sanyi. Ba ka sami lambar yabo ba, ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, amma ka riƙi amanar wata halitta da ba ta iya ce maka sannu, ka kuma miƙa ta hannun da ka tabbata zai iya, ka danne zuciyarka ka tsaya gefe. Mun gode, mu maƙwabtanka, da waɗanda ka raka asibiti, da shanun da ka wanke wa miki.

Ku kuma 'yan uwana, ban ce kowa ya je ya nemo mesa ba, shi kansa zai fara hana ku. Abin da nake roƙo bai kai haka ba. In kun ga abin da ba ku gane ba, ku yi tambaya kafin ku ɗaga sanda. In Allah ya sa wata dabba a hannunku, akuya ce ko jaki ko kyanwa, ku koyi abin da take bukata. In kuma kun iya wani aiki, ku koyar da shi tun hannunku bai fara rawa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, Baba Mahfuzu, ya sa ka samu mai yi maka haƙurin da ka yi wa bayinsa.