Wa Ya Busa Usur a Birmingham?

Idan ka taɓa hawa bas daga Fallowfield zuwa cikin garin Manchester, wataƙila Manasseh ne ya tuƙa ka. Shi ne ƙaton nan mai furfura a gemu, wanda zai kalli katin ɗalibi, ya kalli fuskar ɗalibin, ya sake kallon katin kamar ya san akwai lauje cikin naɗi. Ba mugu ba ne. Allah ne dai ya yi shi bai yarda da komai ba sai ya jujjuya shi. Ko mai nama a Rusholme ya ɗora masa a sikeli, sai ya leƙa ƙarƙashin sikelin.

A Jos aka haife shi, a can kuma ya koyi abubuwa biyu da suka biyo shi har Ingila. Na farko wasan hoki, wanda ake bugawa da sanda mai lanƙwasa da ƙaramar ƙwallo mai taurin dutse. Na biyu fito. Manasseh yana sa yatsu biyu a baki ya saki wata ƙara da za ta tsayar da mutum daga wancan tsallaken titi. Da ita yake kiran ƙannensa daga kan duwatsu yana yaro, da ita ya riƙa kiran 'yarsa Kaneng tun tana rarrafe, a kanti ko a harabar coci. Matarsa Catherine ta yi faɗan har ta gaji. Takan ce, "Baban Kaneng, nan fa ba Bukuru ba ne, mutane na kallonmu." Shi kuwa sai ya rantse bai ma san ya yi ba, kuma gaskiyarsa ce, yatsun ke zuwa bakin da kansu.

Da Kaneng ta shiga ƙungiyar hoki ta 'yan mata ta zama mai tsaron baya, Manasseh ya samu abin yi ranar Asabar. Yakan sauya aiki da abokan tuƙi don kada wasa ya wuce shi. Ruwa ko sanyi, yana bakin shingen fili da ƙatuwar rigarsa, yana kallon wasa da ido ɗaya, alƙalin wasa da ɗayan.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne al'adar ƙananan ƙungiyoyin nan. Kowace ƙungiya ce ke zuwa da nata alƙalin, mutum biyu su raba fili, kowa ya kula da ɓangarensa. Yawanci iyayen yara ne ko tsofaffin 'yan wasa da suka ba da kansu kyauta. Su Turawan suna ganin wannan amana ce. Manasseh kuwa gani yake an ba mage ajiyar kifi ne kawai. Bayan kowane wasa, sauran iyaye sukan shiga ɗakin shan shayi su yi 'yar mitarsu, wani ya ce alƙali ma mutum ne, wata ta ce abin da aka cuce ka yau gobe a ba ka, su kurɓe shayi su manta. Shi ba ya mantawa. Yakan ɗauko hukunci ɗaya ya zo da shi gida, ya baje shi a kan teburin cin abinci da cokula da kwalbar gishiri, har Catherine ta kwashe kwanonin a gabansa.

Mutum ɗaya ne yake iya jure wannan musu, wato Sha'aban. Tare suka yi makarantar kwana a Jos, tare suka riƙe sanda. Sha'aban ya zo Birmingham yin digirin digirgir, ya gama ya samu aiki ya zauna a Sparkbrook, kuma 'yarsa Zuhra ita ma hoki take bugawa, a gaba. Kowace Lahadi da yamma sai sun yi waya. Manasseh ya kawo ƙara, Sha'aban ya yi dariya ya ce, "Mutumina, kai ko mala'ika aka ba usur sai ka ce a duba aljihunsa."

Sai ga shi gasar cin kofi ta haɗa ƙungiyoyin 'ya'yansu, a Birmingham, wanda aka ci ya fita.

Ranar an yi iska mai yanka kunne. Wasa ya yi nisa babu wanda ya ci wani. Ɓangaren da su Kaneng ke tsarewa yana hannun alƙaliyar 'yan Birmingham, wata dattijuwa siririya mai jar hular sanyi, wadda Manasseh ya ƙi jinin tafiyarta tun kafin ta busa komai. Sha'aban yana gefensa yana ɗaukar wasan da waya. Can sai Zuhra ta taho da ƙwallo a guje, Kaneng ta tare ta. A hoki laifi ne ƙwallo ta taɓa ƙafa, kuma Manasseh ya ga kamar ta daki takalmin Zuhra. Jininsa ya hau. Abin da ya gani bayan nan shi ne Kaneng ta tsaya cak, ta ɗago sanda, ta juya. Zuhra ta wuce ta kamar an buɗe mata ƙofa, ta zura ƙwallo a raga. Alƙaliya ta nuna tsakiyar fili, an ci. Da wannan ɗaya aka tashi.

Kocin su Kaneng ya tambayi alƙaliyar cikin ladabi, ta ce ita ba ta busa usur ba. Aka gaisa, aka watse. Manasseh kuwa a nan ya kafa tutarsa. Kaneng ba ta tsayawa haka kawai, shi ya koya mata cewa ba a daina wasa sai an ji usur. Tunda ta tsaya, an busa. Tunda an busa kuma aka ce ba a busa ba, to matar nan ta busa ne, da ta ga yarinyarsu ta samu hanya sai ta haɗiye abinta. A mota ya tambayi Kaneng, ta ce, "Daddy, please, leave it." Ta jingina kai da gilashi har Manchester. Shi kuma ya fassara shirun da cewa baƙin cikin zalunci ne.

Ya nemi ƙungiya ta ɗaukaka ƙara. Koci ya ce babu hujja, kuma ba a yi wa mai aikin sa kai haka. Manasseh ya ji wannan ya ce ashe bakinsu ɗaya. Ya dawo gida ya yanke hukunci a gaban kowa, idan ƙungiya ba za ta tsaya wa 'yarsa ba, to Kaneng ta bar hoki, ba za ta sake taka filin ba. Ya ɗauke sandarta ya sa a bayan motarsa ya kulle. Yarinyar da koci ke cewa zai kai sunanta gwajin ƙungiyar yanki, ga ta zaune a ɗaki ranar atisaye, tana kallon bango. Catherine ta yi magana, ya ce ita ba ta san Turawa ba. Abin haushi, shi a ransa gani yake gata yake yi wa yarinyar.

Hujja ɗaya ta rage, bidiyon Sha'aban. Ya buga masa waya. Sha'aban ya ce wayar ta cika, sai ya duba. Aka kwana biyu, ya ce yana wajen wani taron aiki. Da Manasseh ya matsa, sai ga bidiyo ya iso. Ya buɗe nan take. Ga Zuhra, ga Kaneng, ga tsayawar, ga cin. Amma babu sauti ko kaɗan. Ya ƙure ƙarar wayar, ya kara a kunne, shiru.

Nan fa zuciyar Manasseh ta samu abinci. Bidiyon da ake neman ƙarar usur a cikinsa, shi ne ya zo babu murya? Ya tuna Sha'aban ya taɓa cewa alƙaliyar nan mutuniyar kirki ce. Ya tuna 'yar wa ta ci ƙwallon. Ya tuna ma wata rana a makaranta da Sha'aban ya ci gaba da gudu bayan ƙwallo ta taɓa ƙafarsa. Yana tuƙa bas yana harhaɗa su, kowanne ya zauna daram a inda ya ajiye shi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don bai taɓa zaton zargi zai kai shi ƙofar Sha'aban ba. Lahadi ta zo, waya ta yi ta ƙara, bai ɗauka ba.

Asabar ta zagayo ya ce wa Kaneng ta shirya, za su Birmingham. Ta ce ba ta son zuwa. Ya ce ai maganarta za a yi, dole ta ji da kunnenta.

Sun isa Sparkbrook da hantsi, titin Stratford ya cika da masu cefane. Sha'aban ya tarbe su da fara'a, ya ce wa Zuhra ta ja ƙawarta su hau sama. Uwargidansa ta kawo shayi da ƙosai mai zafi ta koma ciki. Manasseh ko kallon farantin bai yi ba.

"Dokta, ba ci ya kawo ni ba," in ji shi. Rabon da ya kira shi Dokta ba da wasa ba, har an manta. "Ina sound ɗin video?"

Sha'aban ya ce, "Iska ce ta yi yawa ranar, ba a jin komai. Sha shayinka."

"To ba ni in ji iskar."

"Manasseh, wasa ya wuce. Ka mayar wa yarinya sandarta, next season ta rama."

"Kai ka cire shi, ko ba kai ba? Ka dube ni ka faɗa."

Sha'aban ya ajiye kofinsa. Sannan ya ce, "Ni na cire. Kuma wallahi ba don Zuhra na yi ba."

Manasseh ya yi wata dariya marar daɗi, irin ta wanda zarginsa ya tabbata. Ya miƙa hannu. Sha'aban ya ga babu makawa, ya lalubo bidiyon na asali, ya ajiye wayar a tebur, ya tashi ya je ya tsaya a bakin taga ya ba shi baya.

Sauti ya fito tar. Ga ihun iyaye, ga ƙarar sanduna, ga numfashin Sha'aban. Zuhra ta taho, Kaneng ta tare ta. Sai wata ƙara ta tsaga wayar, doguwa mai kaifi, daga dab da mai ɗaukar hoton. Ba usur ba ne. Usur yana karkarwa, wannan kuwa miƙewa ta yi ta lanƙwasa a ƙarshe, yadda ake kiran yaro daga kan dutse. A gefen hoton ma ana ganin gwiwar hannun wata ƙatuwar riga ta ɗaga sama. Alƙaliya tana can nesa, usur ɗinta na lilo a wuyan hannunta. Kuma Kaneng da ta juya, ba wajen alƙaliya ta juya ba. Shinge ta kalla, inda ubanta yake tsaye.

Manasseh ya mayar da shi baya ya sake kallo. Ya nemi inda zai ce an haɗa, ko an yi masa dabara, bai samu ba. Duk duniya babu wanda ya san wannan fiton kamar shi. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har tafin ƙafa, ya ji ɗakin ya yi masa ƙanƙanta.

Daga bakin taga Sha'aban ya ce, "Kaneng ce ta turo min text tun daren ranar. Ta ce, Uncle, kada ka bari Daddy ya ji. Na rasa yadda zan yi da ku ku biyu."

Manasseh ya ture wayar gefe. Ya ɗauki ƙosai ɗaya da ya riga ya huce, ya riƙe a hannu. Da ƙyar ya iya cewa, "Matar nan, alƙaliyar, kana da lambarta?" Sha'aban ya ce yana da ita. Manasseh ya ce a ba shi, zai kira ta ya ba ta haƙuri.

Manasseh da Kaneng suka kama hanyar komawa gida. Sai da suka hau babban titi ya gyara murya, idonsa a kan hanya.

"Kin ɗauka usur ne?"

Kaneng ta girgiza kai. Ta ce da 'yar Hausarta mai ƙamshin Manchester, "Na san ba usur ba ne, Daddy. Kai ne ka kira ni. I thought something happened to you."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Yarinyar nan ta ba da ƙwallo, ta ba da kofi, ta bar shi ya kulle mata sanda, duk don kada ya ji abin da ya ji yau. Shi kuwa ya zargi alƙaliya, ya zargi koci, ya zargi abokinsa na ƙuruciya, mutum ɗaya ne kawai bai leƙa ƙarƙashin sikelinsa ba, wato shi kansa.

Suka tsaya a wurin hutawar matafiya. Kafin su shiga ya buɗe bayan mota, ya ciro sandar ya miƙa mata, ya ce ta riƙe abarta a gaba, ranar Talata shi zai kai ta atisaye. Ta karɓa ta rungume.

A ciki mutane sun yi yawa. Ya sayi abin sha ya waiwayo, sai ya hango ta can nesa wajen kantin jaridu, ta ba shi baya. Yatsunsa biyu har sun kai leɓe. Ya tsaya, ya kalle su, ya cusa hannun cikin aljihu. Sannan ya ratsa taron nan a hankali yana ba mutane haƙuri, har ya isa inda take, ya taɓa kafaɗarta ya ce, "Kaneng, mu je gida."