Mai Dala na Tursa

Almustapha Sodangi ɗan Tursa ne, a ƙasar Rabah. Mahaifinsa manomin gero da albasa ne, ya rasu Almustapha na gab da gama kwalejin fasaha a Sakkwato. Da ya gama bai samu aikin ofis ba, sai ya kama 'yar rumfa a bakin kasuwar Rabah yana gyaran waya. Ba shi da yawan magana. In ka kawo masa waya zai saurare ka har ka gaji, sannan ya ce ka dawo bayan la'asar. Mahaifiyarsa, Inna Mairo, tana Tursa tare da ƙanwarsa Mashkura, kuma duk Juma'a yakan hau babur ya je ya gaishe su.

Tun yana makaranta yake da burin ya haɗa wasan gem nasa na kansa. Ba irin manyan nan na harbe-harbe ba, ƙarami, mai zane a shimfiɗe, wanda ɗan mutum ke tafiya daga hagu zuwa dama. Nasa na wani manomi ne a fadamar Goronyo: ya yi ban ruwa, ya kori awaki, ya kwashe albasa ya kai rudu, wato ma'ajiyar albasa, kafin ta lalace. Mashkura ce mai zanen. Da biro da fensirin kala take yi a takarda, shi kuma ya ɗauki hoto ya sa a kwamfuta. Kukan awakin da ke cikin wasan ma na gidansu ne.

Wasan ya ci shi. Injin ban ruwan mahaifinsu aka sayar aka sayi tsohuwar kwamfuta. Abin da ya samu a gyaran waya kuwa, data da man janareta suka lashe. Da ya gama, sai ga matsalar farashi. A Rabah ba mai sayen gem, tura wa juna ake yi daga waya zuwa waya. Wasu masu irin sana'ar da yake hira da su a intanet suka ce masa wasa irin wannan mutanensa kaɗan ne, ya sa dala biyu ya jira. Ya sa. Waɗanda suka saya a watannin farko ba su cika sahu guda a masallacin unguwa ba, masu kasuwar intanet ɗin suka cire nasu kason, sauran kuma bai kai adadin da ake turo wa mutum ba.

Ana nan sai wani Bature ya yi ɗan bidiyo yana yabon wasan. Yusha'u, ɗan baffan Almustapha, mutum mai son a yi da shi, ya ɗauka ya watsa, ya rubuta a ƙasa cewa ga ɗan Tursa nan yana sayar wa Turawa kaya da dala. Kafin maganar ta zaga kasuwa ta dawo rumfar, ta yi 'ya'ya. Wasu suka ce ya sayi fili a Sakkwato, wasu suka ce ɓoye arziki yake yi. Masu shayi da 'yan acaɓa suka raɗa masa suna Mai Dala.

Da farko dariya yake yi. Malam Sa'adu, tsohon telan da ke rumfar kusa da tasa, shi ne bai yi dariya ba.

"Ɗana, wanga suna ba alheri ba na," in ji shi. "Kasuwag ga kunnuwa gare ta, kuma ba duka na mutanen gari na ba."

Almustapha ya gane. A ƙauyukan nan an sha ɗauke mutum don kawai an ji ya sayar da shanu.

Wata ranar kasuwa da hantsi wani mutum ya shigo rumfar, siriri, ya naɗe fuska da rawani, takalman robarsa duk laka. Ya ajiye waya mai fasasshen gilashi, ya zauna a benci ba tare da an ce ya zauna ba. Da Almustapha ya kunna wayar, sai ya ga wasansa a ciki.

"Kai na Mai Dala?" mutumin ya tambaya.

"Sunana Almustapha."

"Na sani. Ɗan Mairo." Ya yi murmushi. "Yaranmu na son wasanga naka. Nawa kaka samu ga wata?"

Almustapha ya ɗago kai daga kan wayar. Ya ce wallahi ko sisi bai shigo hannunsa ba tukuna, hasali ma asara ya yi. Mutumin ya saurare shi da natsuwa, kamar mai jin tatsuniya. Da aka gama gyaran ya biya ba ciniki, ya karɓi lambarsa, ya fita.

Washegari da safe, yana buɗe rumfa, waya ta shigo da baƙuwar lamba. Wata murya daban ce, a bayanta ana jin ƙugin babura.

"Mai Dala, manya na gaishe ka. Sun ce ka tuna da su, tunda Allah ya buɗa maka. A gaida Inna, mai ɗakin da ak kusa ga rijiya. Da yarinya mai zane."

Aka kashe.

Ya daɗe a tsaye riƙe da kwaɗon ƙofa. Ya yi tunanin zuwa wurin hukuma, sai ya tuna bai san wa ke kai labari daji ba. Ya gaya wa Malam Sa'adu, tsohon ya taɓa kafaɗarsa ya ce, "Tahi ka ɗauko su yanzu, rana na sama. Kak ka hwaɗa ma kowa."

Hanyar Tursa ya san ta kamar tafin hannunsa, amma ranar sai ta zame masa baƙuwa. Gero ya yi tsawo ya rufe gefe da gefe, mutum zai iya tsayawa ciki ba a gan shi ba. Duk motsin kara sai ya waiwaya.

Ya tarar da Inna Mairo tana sheƙar wake. Ya ja ta ɗaki ya gaya mata. Ta ce, "Gero ya kusa yanka. In bar shi ga wa?"

"Inna, sun san ɗakinki."

"Mi munka yi musu? Kai da ko riga ba ka canza ba bana?"

"Ba su yarda ba, Inna. Na rantse musu, ba su yarda ba."

Mashkura tana bakin ƙofa tana ji. Ta fashe da kuka, ta ce ita ta jawo da zanenta. Inna ta daka mata tsawa ƙasa-ƙasa, ta ce ta share fuska kada maƙwabta su gani. Ta ɗauki mayafinta mai kyau da ɗan ƙunshin kaya, ta leƙa ta katanga ta gaya wa maƙwabciyarta za su suna Wurno, gidan Gwaggo Ladidi, ƙanwar marigayi. Awakinta ko kallonsu ba ta yi ba, don kada zuciyarta ta karye.

Su uku a babur guda. Sun yi nisa kaɗan sai suka hango babura biyu a gicciye, da mutane tsaye da bindigogi. Inna ta damƙe rigarsa tana salati. Juyawa ba ta yiwuwa, hanyar ta yi ƙunci. Ya rage gudu. Da suka matso sai ya ga 'yan sa-kai ne na ƙauyen gaba. Ɗayansu ya gane shi, ya washe baki.

"A'a, Mai Dala! Ina zuwa da tsohuwa?"

"Suna," Almustapha ya ce, ya wuce. Har suka shiga Wurno bai daina jin sunan nan na Mai Dala a bayansa ba.

Ba a yi mako ba 'yan bindiga suka shiga Tursa da rana tsaka. Kai tsaye suka nufi gidan kusa da rijiya, suka ɓalle ƙofa, suka zazzage ɗakuna, suka kora awaki. Maƙwabcin da ya ce bai san inda suka tafi ba sun yi masa dukan da ya kwantar da shi har bayan kaka. Yusha'u ya zo Wurno yana hawaye yana neman gafara. Almustapha ya ce ya yafe, amma ya roƙe shi kada ya sake zuwa.

Bai koma rumfarsa ba. Malam Sa'adu ne ya haɗa masa kayan aikinsa ya aiko a motar albasa. Almustapha ya canza layin waya, ya cire sunansa da sunan garinsu daga jikin wasan, ya goge hotonsa duk inda yake. Wasan yana nan a kasuwar intanet da wani suna, jefi-jefi wani daga can wata ƙasa yakan saya, Almustapha ba ya gaya wa kowa. Yanzu a shagon wani yake gyaran waya a Wurno, a can ciki, bayan labule, mai shagon ne ke karɓar aiki a waje.

Geron Inna dangi suka yanke, suka aiko mata da abin da ya samu. Ran kasuwar Wurno takan je layin masu hatsi ta nemi mutanen Tursa, ta tambayi wa ya haihu, wa ya rasu, ko an gyara ƙofar gidanta. In suka tambaye ta unguwar da take, sai ta ce musu can ciki, ta ɗauki kwandonta ta bi wata hanya daban.