Marfin Kwalbar Orval

Duk wanda ya san Orval Stenseth a ƙauyensu na gindin duwatsun Montana a Amurka ya san marfin kwalbar zumar da ke aljihun rigarsa. Faɗinsa bai kai tafin hannu ba, amma shi ne alƙalinsa. In ya harba harsashi uku a takarda daga nisan yadi ɗari biyu, marfin bai rufe hujojin duka ba, to irin wannan harsashi ba zai bi shi farauta ba.

Abin yana da asali. Yana ɗan shekara sha biyar ya harbi barewa da harsashin kanti, ya same ta a ciki maimakon ƙirji. Kwana biyu shi da mahaifinsa suna bin jini a kan ƙanƙara, suka tarar da ita da sauran numfashi, tana kallonsu. Tun daga ranar bai ƙara sayen harsashi ɗurarre ba. Da rana ya gyara motocin noma, da yamma ya shige gareji ya wanke kwanson harsashi, ya auna albarushi a ɗan sikelinsa, ya danna kan harsashi da hannunsa. Kowane ɗuri yana da shafinsa a wani baƙin littafi: gudunsa, faɗin hujojinsa, sai layin ƙarshe inda yake rubuta laifinsa. Matarsa Lorna, kafin ta rasu, takan ce da zai auna gishirin miya haka da an huta.

Abokin gardamarsa Hoyt, tsohon ma'aikacin gidan waya, mutumin gudu ne. Shi dai a ba shi harsashi marar nauyi, ya ga lamba ta haura a na'urar auna gudu, ya yi ta washe baki.

"Naka mai nauyin nan, kafin ya isa ai barewar ta haihu," in ji Hoyt.

"Naka fa? Ya riga kowa zuwa, amma gidan maƙwabta ya sauka. Sannu ba ta hana zuwa, tsohon banza."

Shekara talatin da ɗaya Orval yana shiga ƙuri'ar izinin harbin ragon daji na kan duwatsu, wadda mutum kan tsufa bai ci ba. Yana da saba'in da biyu takardar ta zo. Rago ɗaya, kaka ɗaya, sunansa ne a jiki, ba a ba wani, kuma sai bayan shekara bakwai zai iya sake nema. Ranar har rawa ya taka a bakin akwatin wasiƙa.

Ya zauna gwaji. Ya ɗura harsashi mai nauyin da ya amince da shi, hujoji suka watse, marfi ya kasa rufewa. Ya ce albarushin ne ya sha iska, ya sayo sabo. Ya ce kwanson ne ya gaji. Har ya sauke girman kai ya karɓi marar nauyin Hoyt ya gwada: gudu ya ƙaru, hujoji suka ƙara nisa da juna. Wata uku yana cika littafi da laifin tagulla da dalma. Laifi tudu ne, an ce. Kofin gahawar da ke zuba a yatsunsa kowace safiya kuwa bai samu shafi ba.

Saura mako biyu a buɗe farauta 'yarsa Marnie ta zo daga birni. Ita ce ke karanta masa lambar na'ura tun tana 'yar firamare. Ta zauna tana kallonsa yana harbi, ba takardar take kallo ba.

"Baba, ba ni in gwada mana."

"Ɓata lokaci za ki yi, ɗurin ne bai yi ba."

"To bari in ɓata ukun nan kawai."

Ta kwantar da bindigar a kan buhun yashi, ta harba uku da mai nauyin. Suka taka tare zuwa wurin takardar. Hujojin suna taɓa juna, ko kwabo zai rufe su. Orval ya zaro marfin don ya ɗora, ya ga yana kaɗawa a hannunsa, yana bugun katakon da aka manna takardar ƙwas-ƙwas. Ya daɗe a tsaye. Marnie ta juya baya tana share ido, don ta san ba ya son a gan shi haka.

Hoyt ya ba shi shawara irin ta masoyi: "Kai Orval, rago fa ba marfin kwalba ba ne, ƙirjinsa ya kai faranti. Je ka harba, in ka kuskure na ce iska ce."

"In na same shi a ciki fa, me za ka ce?"



Duk da haka Orval ya hau dutsen, shi da Marnie, yana hutawa bayan kowane taku hamsin. Rana ta uku da hantsi suka ga ragon a kan wani falalen dutse, tsoho mai ƙaho naɗaɗɗe, tsakaninsu bai fi yadi ɗari biyu ba. Orval ya kwanta, ya sa ido a madubin bindiga. Saitin ya yi ta yawo daga kafaɗa zuwa ciki, daga ciki zuwa kafaɗa. Ya ja numfashi, ya jira, abin bai tsaya ba. Shekara talatin da ɗaya ga su nan a tsaye suna cin ciyawa. Ya buɗe bindigar, ya zare harsashin, ya miƙa wa 'yarsa. Suka zauna suna kallon ragon har ya haura ya ɓace.

Da suka dawo gida ya shiga gareji ya buɗe baƙin littafin a shafin ɗurin ƙarshe. Ya rubuta gudunsa. A wurin faɗin hujoji ya rubuta na Marnie. Da ya zo layin laifi alƙalamin ya yi ta rawa, da ƙyar haruffan suka fito: "Harsashin ba shi da laifi. Hannuna ne."

Ya sa marfin a tsakiyar littafin ya rufe, ya kai wa Marnie a mota kafin ta tashi.