Ranar da na ƙi tsarabar wan mijina

Shekarar da gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, soja na mulki a Yamai, baban yarana ya dawo daga cirani a Kano yana jan ƙafar hagu. Likitan can ya ce jini ne ya daskare a wata jijiya, ya ɗora shi kan ƴar ƙwaya fara mai tsinka jini, kullum ɗaya. Ƙafa ta saki. Amma aikin gona ba cima yana karya jiki, sai ya riƙa sayen maganin gajiya a tebur ranar kasuwar Matameye. Wata safiya ya yi aman jini a gindin rumbu.

A asibitin Damagaram suka zura masa siririyar roba mai fitila ta baki. Ina raɓe a ƙofa, likita ya ce, "Shigo, ke ce mai dafa masa. Zo ki gani."

Na ɗaga kai na dubi tele, allon da ke nuna abin da fitilar ke haskawa. Subhanallahi. Ashe cikin mutum ɗaki ne, ja-ja, mai sheƙi, da ninki-ninki kamar zanen da aka naɗe, yana motsi shi kaɗai ba wanda ya sa shi. Shekara da shekaru nake zuba tuwo a ɗakin nan ban taɓa ganinsa ba. A gefe guda ga gyambo, bai kai ƙwayar gujiya ba, jini na tsatsowa a hankali. Ɗan wannan ne ya kusa raba ni da uban ƴaƴana.

Likita ya ce ƙwayar jini ba ta bari ba ce, in ya bari ƙafa ta koma. Sai ya haɗa ta da wata mai tsaron ciki, a sha kafin karin kumallo. Maganin gajiya kuwa, ya ce ko an ba shi kyauta kada ya kai baki, shi ke tone gyambon. Da ɗan karatuna na yaƙi da jahilci na haddace harufan kwalayen biyu.

Bayan girbin da ba mu yi ba, wan mijina ya dawo daga Ikko. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa haɗa ido da shi ba, gaisuwa kawai, a durƙushe. Na kai musu ruwa zaure, na tarar ya kwance tsaraba: sabulu, garin rogo, da kwalin maganin gajiya.

"Wannan na ƴan dako ne," in ji shi. "Ka sha biyu yanzu, ka tashi kamar jakin Kantse."

Baban yara ya san abin da likita ya ce. Amma wa ke mayar da hannun babban wa? Ya ɓare biyu, ya miƙo hannu ga kwanon ruwan da ke hannuna. Ban saki ba.

"Yaya, a gafarce ni."

"Yau amarya ta yi baki?" Ya yi dariya. Amarya, da ƴaƴa biyar. "Ko kishi kike, ban kawo miki turmi ba?"

Kaina a ƙasa na ba shi labarin ɗakin nan, da fitilar, da yadda bangon ke motsi, da ɗan gyambon. Na ce, "Na gani da idona, Yaya. In ya sake fashewa, ban san ko motar Damagaram za ta kai shi da rai ba."

Ya ɗora tafin hannu a kan nasa cikin, ya daɗe.

"Yana motsi, kika ce? Har yanzu da nake zaune?"

"Har yanzu."

"Allah mai iko." Ya juya ga ƙaninsa. "Kai kuma sakarai, da sai ka haɗiye don kunyata? Ba ni nan."

Ya karɓe ƙwayoyin daga tafinsa. Ya ce in kawo kwalin mai tsaron cikin ya gani. Ya jujjuya shi, ya yage murfin ya sa aljihu.

Da wani rani ya sake dawowa daga Ikko, ya kira ni zaure da kansa. Ba sabulu a ƙullin. Kwalaye ne, masu harufan da na haddace.